Yadda Na Bi Sale Har Doguwa

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A wurin aiki tambaya, a unguwa tambaya, har a gidan suna sai da wata ta jawo mayafina ta ce, "Asabe, wai me ya kai ki Doguwa, ke da ko Kura ba kya zuwa sai da ƙwaƙƙwaran dalili?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ta ji kai, waccan ta ji wutsiya. To ga shi nan gaba ɗaya, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya. Kafin kuma wata ta ce na tona asirin ɗan'uwana, sai da na tambayi mai labarin, ya ce in faɗa, ƙila wani ya amfana.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a cikin birnin Kano. Awon ciki, rigakafi, gwajin hawan jini, su ne aikina. Bakina kuwa kowa ya san shi, ba ni da linzami. In mace ta kawo mini yaro da datti a wuya, sai ta ji a jikinta kafin ta fita.

Goggo Hanne ce ta sa aka kira ni a waya. Ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a Ba'awa ta ƙasar Kiru, wurin ƙaramin ɗanta. Matar da ba ta taɓa kiran kowa ba sai an yi rasuwa, sai ga ta tana cewa, "Ki zo ina son ganinki." Na ce lafiya? Ta ce lafiya ƙalau, in dai zo. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, na nemi hutu na kama hanya.

Hanyar Zariya ba ta da wani labari. Mun wuce Bagauda ina leƙen tafkin ta taga, wata mata kusa da ni tana ba ni tarihin ciwon gwiwarta, don ta ji an ce da ni malamar asibiti. A Kwanar Ɗangora na sauka na nemi motar Kiru, daga Kiru kuma ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina ka duba mutane ne a gona. Na isa da ƙura har cikin kunne.

Goggo ta tarbe ni da fura, aka yi tuwon dawa miyar kuɓewa ɗanya. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da kajina. Sai da kowa ya watse ta matso kusa da ni, ta ƙura wa tabarma ido ta ce, "Bawanki ne ba shi da lafiya."

Sale take nufi, ɗanta na fari. Ni 'yar namiji ce shi ɗan mace, taubasai ke nan, tun muna yara nake kiransa bawana yana kirana uwar ɗakinsa. Goggo kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba. Mu a birni wannan kunya ta ɗan fari ta kusa ƙarewa, 'yata ma rungume nata take yi a gaban surukarta tana yi masa kirari. A Ba'awa abin yana nan daram. Sale ya yi furfura a gemu, amma in ya durƙusa gaishe ta bango take kallo ta amsa.

Ta ce sau biyu ke nan yana faɗuwa, jikinsa ya sandare, ya yi ta jijjiga yana kumfa. Na farko a gona. Na biyu a cikin jirgi, a tsakiyar ruwan Tiga inda yake kamun kifi, Allah ne ya sa abokin tafiyarsa ya cafko rigarsa. Mutane suna cewa iska ce ta ruwa.

"Ke ma haka kika gani, Goggo?"

Ta girgiza kai. Ta ce da ya zo gaisuwar Sallah ta hango shi a bayan rumbu yana ɓare ƙwayoyi yana watsawa a baki, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ba zazzaɓi yake yi ba. "Ni bakina bai isa ba," in ji ta. "Ta ina zan fara? Ke kuwa abokiyar wasansa ce, abin da kika ga dama faɗa masa kike yi."

Na gane ƙwayar tun kafin ta kwatanta mini kalarta. Tiramol ce, wadda masu aikin ƙarfi suke sha. Maganin ciwo ne a hannun likita, amma in aka yawaita ta takan kawo irin wannan faɗuwa mai kama da farfaɗiya. Wanda ya faɗi a tudu ya ji ciwo ya tashi. Wanda ya faɗi a ruwa kuwa, in babu mai cafko riga shi ke nan. Da safe na yi wa Goggo sallama na nufi Tiga.

Sai da na sake komawa Kwanar Ɗangora kafin na sami motar da za ta kai ni. Mutanen Tiga dangin mijin Goggo ne, waɗanda ruwan dam ya tasa daga tsohon garinsu, suka koma su da noman rani. Na sami Hadiza matar Sale tana ƙyafa kifi a bayan gida, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Sale ba ya nan. Ta ce ya tafi Tudun Wada dakon buhuna kamar yadda yake yi kowace kaka, da an gama kuma zai dawo ya shiga ruwa. Na tambaye ta saura yaushe a gama. Ta ce ai an kusa, wasu ma har sun fara dawowa.

Ashe Hadiza ta san da zancen ƙwayar. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi yaji ta dawo. Wata rana ta kwashe ƙwayoyin duka ta zuba a masai. Ta ce wallahi sai da ta yi da-na-sani, ya kwanta yana gumi yana rawar ɗari, gaɓoɓinsa na ciwo, da ya miƙe kuma ya daɗe bai yi mata magana ba. Na ce mata ba laifinta ba ne, amma wanda jikinsa ya saba da ita ba a yanke masa lokaci ɗaya, a hankali ake janyewa, kuma da sanin ma'aikacin lafiya.

Maƙwabcinsu wani dattijo ne mai makarantar allo, shi ya yi wa Sale rubutu. Da na je gaishe shi ya ce, "Hajiya, rubutu dai na yi, kuma Allah shi ke warkarwa. Amma na faɗa musu su haɗa da asibiti. Ni a garin da ke ƙarƙashin ruwan nan aka haife ni, ban san shi da miyagun iskoki ba." Na ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Kifin Tiga kam gani ya kori ji. Hadiza ta yi mini farfesun tarwaɗa na ci har ina lasar yatsa, mu da muka saba da na ƙanƙara mai ɗanɗanon kwali. Amma abin da kifi ya ba ni, sauro ya karɓe. Sauron Tiga ba ya jin maganin hayaƙi, ƙara masa kuzari ma yake yi. Da safe kuma na ce sai na ga bakin ruwan da idona, na taka gefen wata gonar albasa da aka ba ruwa, taɓo ya riƙe mini takalmi ɗaya. Sai da Hadiza ta sa hannu har gwiwar hannu ta zaro shi, tana dariya har da hawaye. Na tsaya ina kallon jiragen suna fita, ƙanana ƙwarai a kan wannan uban ruwa, sai dariyar ta fita daga raina.

Da na sake sauka a Kwanar Ɗangora, mai awarar da ke bakin tasha ta ce, "Hajiya, ko dai ɗaki za mu nema miki a nan?" Na ce ta zuba mini awara ta bar ni da abin da ya dame ni.

A motar Tudun Wada ne na yi abin kunya. An ba ni gidan gaba. Kafin mu tashi na ga direban, magidanci ne ba yaro ba, ya ɓare ƙwaya ya kora da shayi. Ni kuwa zuciyata cike take da Sale, sai na sauke masa kwandon duka. Na ce ba ya tsoron Allah, rayukan mutane ne a hannunsa, irinsu ne suke mayar da mata zawarawa. Kai, har iyayensa sai da na tausaya wa da babbar murya. Bawan Allah ya ƙure rediyo, ya taka mota kamar zai tashi sama, fasinjoji suna salati. Wani tsoho a baya ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki bari mu isa tukuna." Da muka isa direban ya sauke mini jaka ya ce, "Na ƙwarai ne na sha, hawan jini gare ni." Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, don ban tambaya ba kafin in buɗe baki.

Na zauna a kan benci a tasha ina jin haushin kaina. Nan na tuna wani taron bita da aka tura mu daga wurin aiki, a kan yadda ake 'yar gajeriyar hira da mai shaye-shaye. Malamar ta ce ba wa'azi ba ne, ba kuma zama ne na wuni guda ba, 'yan mintuna ne. Ki nemi izininsa. Ki tambaye shi, ki saurara. In zai karɓa, ki faɗa masa abin da kika sani a taƙaice. Sannan ki bar shi ya zaɓi abin da zai iya da kansa. Ni a lokacin dariya na yi, na ce wannan lallaɓa ce ta mutanen da ba su san 'yan ƙwayarmu ba. Yanzu ga shi faɗana ya kusa jefa mota guda a rami.

A kasuwar hatsi ta Tudun Wada na yi ta tambaya a cikin 'yan dako. Kowa ya san Sale na Tiga, amma an ce ya bi wata babbar mota zuwa Doguwa, can masara ta fi yawa. Tabɗi! Na ce wannan bawa nawa sai ya biya ni wahalar nan.

Tsakanin Tudun Wada da Doguwa sai an ratsa dajin Falgore. Ni 'yar birni ban taɓa ganin itatuwa sun haɗe haka ba, ba gida ba gona, motar ma kowa ya yi tsit. Akwai shingen jami'an tsaro, suka leƙo suka ce ina zuwa Hajiya, na ce wurin ɗan'uwana, suka ce a sauka lafiya. Can gaba motarmu ta yi zafi aka tsaya a ba ta ruwa. Na ajiye ƙullin busasshen kifin da Hadiza ta ba ni in kai wa mijinta a kan dutse, ina gyara ɗaurin zani. Ban ankara ba wani ƙaton biri ya diro ya sure shi, ya hau reshe ya zauna yana kwancewa a nutse yana kallona. Na yi masa Allah ya isa, fasinjoji suka ce in yi haƙuri, shi ma ɗan hanya ne.

Doguwa ƙasar duwatsu ce, da sanyi tun kafin lokacinsa. Na sauka a gidan Rahila, wadda muka yi makarantar koyon aikin lafiya tare, rabona da ita tun muna 'yanmata. Bakurma ce a ƙabila, Kirista, Hausarta kuwa ta fi tawa daɗi. Ta shimfiɗa mini darduma ta nuna mini gabas tun kafin in tambaya. Ta yi mini gwate da ganye da gyaɗa, abin da mu a birni sai marar lafiya ake dama wa irinsa, su kuwa abincin gida ne kowa da kwanonsa. Na raina shi a ido, na ƙare da neman ƙari.

Washegari ta ce in raka ta wurin aikinta, wani ɗan asibiti a ƙauyen da ke dab da iyakar Kaduna, kafin a gano mana inda Sale yake. Iyakar ma ba wata iyaka ba ce, kwalbati ce da allo, akuyoyi suna ƙetarawa ba mai tambayarsu. Sai dai ta ce a ƙauyukan tsallake ana dafa burkutu a fili, ranar kasuwa wasu daga nan sukan ƙetara su sha su dawo.

Muna zaune wani dattijo ya shigo da ƙafa a kumbure, ya faɗi da babur. Daga bakin ƙofa na ji tsamin abin da ya sha jiya. Bakina ya fara ƙaiƙayi. Rahila kuwa ta durƙusa tana wanke ciwon, ta ce, "Baba, ka yarda in tambaye ka game da burkutu, ko mu bar shi?" Ya ce ta tambaya. Ta tambaye shi yaushe yake sha, da su wa, me yake ji in ya sha. Ya ce ai wurin ne kaɗai tsofaffi suke haɗuwa su yi hira tun da matarsa ta rasu. Ta ce, "Wato hirar ce ba ka so ka rasa." Ya ce ƙwarai. Ta ce to faɗuwar nan fa, me yake gani? Ya ce wannan ce ta biyu, kuma duk a hanyar dawowa ne. Kafin ta gama naɗa bandeji, shi da bakinsa ya ce daga yau ranar kasuwa a ƙafa zai je, babur ya kwana a gida, kuma zai ci tuwo kafin ya fita. Ta ce ya dawo wankin ciwo su ƙara magana.

Da ya fita na ce, "Shi ke nan? Ba ki ce masa ya daina ba?"

Ta ce, "Asabe, 'ya'yansa sun faɗa, limamin cocinsu ya faɗa. Nawa ne zai fi nasu? Wanda ya fito daga bakinsa shi zai riƙe."

Da la'asar aka kai ni masussukar da Sale yake. Inji na ruri, ƙaiƙayi na tashi, maza suna ta cika buhuna suna lodawa a mota. Na hango shi da buhu a kafaɗa yana hawa katako da gudu kamar ba mutum ba. Ya rame, idonsa ya faɗa. Da ya gan ni ya jefar da buhun ya riƙe baki.

"La ilaha illallahu! Uwar ɗakina, me kika zo saya a nan? Ko birnin ne ya kore ki?"

"Bawana ne ya gudu na biyo sawu," na ce. "Dube ka, kamar an tono ka daga rumbu."

Abokan aikinsa suka kewaye mu suna dariya, aka kawo mini buhu na zauna, aka gasa mini masara. Na ba shi labarin birin da ya cinye saƙon matarsa, ya ce ai ya san ni, ni na cinye na ɗora wa biri. Muka yi ta wasa, amma raina yana wani wuri. Ta yaya zan ɗauko maganar a gaban mutum goma sha wani abu? In na kunyata shi a nan, na rasa shi. In na ce ya zo gefe, kowa zai san da magana. Rana tana yin ƙasa, ni kuma da sassafe zan koma.

Sai na miƙe na ce zan tafi. Na san dai duk rashin kunyar bawa ba zai bar baƙuwar da ta zo daga Kano ta tafi ba rakiya. Ya karɓi jakata, ya ce wa mutanensa yana zuwa, ba wanda ya ko ɗaga kai. Muka kama 'yar hanyar da ta bi ta cikin karan masara zuwa gari.

Na ce, "Sale, zan tambaye ka wani abu in ka yarda. In ba ka so, mu ci gaba da zancen biri."

"Yau kuma ke ce da neman izini? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Tambayi."

"Ƙwayar nan da kake sha, me take yi maka mai amfani?"

Ya tsaya cak. Fuskarsa ta ɗaure, na ga ya shirya wa faɗa. "Wa ya faɗa miki?"

"Ba faɗa na zo yi ba. So nake in ji daga bakinka."

Ya dube ni ya ga da gaske nake. Muka ci gaba da tafiya. Can ya ce bayansa ne. Tun shekarun baya da ya ɗaga injin ban ruwa wani abu ya ƙame masa a ƙugu. In bai sha ba ko sunkuyawa ba ya iyawa, in ya sha kuwa buhu kamar matashin kai. Ga sanyin ruwa da asuba, ga yara suna girma, kowa da bakinsa.

Na ce, "Wato ita ce take riƙe maka baya kana ciyar da gida."

Ya ce, "Ke kaɗai kika taɓa faɗar haka. Kowa ɗan ƙwaya yake gani."

"To mene ne ba ka so game da ita?"

Shiru. Wallahi wannan shirun shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Maganganu cike da bakina, Hadiza, yara, ruwa, kabari, duk na haɗiye su. Muka iso wata 'yar gada inda hanya ta haɗu da ta gari, inda mai rakiya ya kamata ya juya. Na miƙa hannu in karɓi jakata na ce, "Koma haka, aiki na jiranka."

Bai sakar mini jakar ba. Ya ce, "Bari in ƙara taka miki."

Sai da muka wuce gadar ya fara. Ya ce da guda ɗaya take isarsa, yanzu shi kansa kunyar ƙirgawa yake ji. Ya ce ranar da ya faɗi a jirgi bai san komai ba, yana jan koma ne kawai, sai ya farka a bakin gaɓa ruwa na fita ta hancinsa, abokinsa na kuka a kansa kamar mace. Tun ranar, in ya tura jirgi sai gabansa ya faɗi. "Suna cewa iska ce," in ji shi.

"Kai me kake gani?"

"Ni ban sani ba, Asabe."

"Kana so in faɗa maka abin da na sani ta wajen aikina?"

Ya ce in faɗa. Na ce masa ƙwayar in ta yi yawa a jiki ita da kanta take kawo wannan faɗuwa, kuma ba ta sallama, ko'ina tana iya kama mutum. Na ce kada ya yanke ta lokaci ɗaya, zai sha wuya, akwai yadda ake rage ta sannu a hankali a asibiti, bayan nasa ma a duba shi a nema masa wani magani. Iyakar abin da na faɗa ke nan, na ja bakina na rufe. Sannan na ce, "Kai ke da jikinka. Me kake ganin za ka iya?"

"Bari dai ba zan iya ba yanzu, kada in yi miki ƙarya."

Zuciyata ta karye, amma na daure. "To me za ka iya?"

Mun kusa ƙofar gidan Rahila kafin ya amsa. Ya ce, "Ranar da na sha, ba zan shiga ruwa ba. Wannan zan iya, na ɗaukar miki."

"Asibitin fa?"

"Wannan sai na yi tunani."

Na ce to, duk ranar da ya gama tunanin ya kira ni. Ya ajiye jakar a bakin zaure, sannan ya ce a hankali, "Ita ce ta aiko ki, ko?" Bai kama suna ba, ni ma ban kama ba, na ɗaga masa kai kawai. Ya juya mini baya ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe a haka. Sannan ya ce in gaida mutanen birni, ya koma.

Ba zan ɓoye muku ba, a motar dawowa raina a jagule yake. Tun daga Kano har Doguwa, ga sauro ga biri, abin da na samo ke nan? Bai ce zai daina ba, bai ce zai je asibiti ba. Na biya ta Ba'awa, Goggo ta ce, "Kin same shi?" Na ce na same shi, mun yi magana. Ta ce madalla, ba ta ƙara tambayar komai ba, ni ma na ji daɗin haka don ban san me zan ce mata ba.

Bayan an gama kaka ya koma Tiga. Nakan kira Hadiza, ta ce yawancin ranaku a tudu yake wuni yana yi wa mutane ɗinkin koma, shigarsa ruwa jefi-jefi ce, tukunyar gidan ma ta ji a jikinta. Abokansa suna yi masa tsiya wai ya zama tela. Har ta fara ƙorafi, ta ce wannan wane irin magani ne na ba shi.

Ranar nan da safe ina tsaka da awon wani jariri wayata ta yi ƙara. Hadiza ce.

"Yaya Asabe, ya sake faɗuwa."

Na miƙa wa uwar ɗanta. Da ƙyar na iya cewa, "A ina?"

"A gindin mangwaro, yana ɗinki. Jirage sun fita tun asuba, abokinsa ya zo har gida kiransa ya ce yau ba zai shiga ba. Ya fasa leɓe, ya ciji harshe, amma ya farfaɗo. Ga shi ma yana son magana da ke."

Na ji ana miƙa waya. Muryarsa ta fito da nauyi saboda harshen.

"Uwar ɗakina, asibitin nan da kika ce, wace rana ake zuwa?"

Na share hawayena da bakin mayafi na ce, "Yau."